Kuɗin Gwamnati Na Wane Ne?

Darasinmu na yau a kan kuɗi ne. Muna nufin kuɗin nan da a ke kira na Gwamnati, wanda da shi a ke gina makaranta, a sayi magani, a biya malamai albashi. Ku karanta a hankali, gama akwai lissafi a ciki, akwai kuma wasiƙa da za ku rubuta da hannunku in kun kai ƙarshe.

Sau da yawa mu kan ji mutanen ƙauye suna cewa, "Gwamnati ta taimake mu da rijiya," ko kuwa, "Ciyaman ya yi mana kyautar ɗakin shan magani." Godiya abu ne mai kyau, ba mu hana kowa ba. Amma bari mu tambaye ku. In ka ba yaronka kuɗi ya sayo maka goro a kasuwa, ya je ya kawo, kyauta ya yi maka? Ai aikensa ka yi, ya cika aike. In ya komo hannu wofi fa? Sai ka ce, "Ina goron? In babu goro, ina kuɗin?" To, haka sha'anin ya ke tsakanin jama'a da hukuma.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Dattawan da ke cikin ajin nan sun tuna zamanin haraji da jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali. A Katsina aka fara kafa Baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sa'an nan sauran ƙasashen sarakuna suka bi. A kan raba kuɗin, Gwamnati ta ɗauki kashinta, En'e ta riƙe nata. Da kashin En'e a ke gina elementare da ɗakin shan magani, a biya 'yan doka da malaman asibiti. A wancan zamani ba sai an gaya wa mutum kuɗin daga gare shi ya fito ba, gama ya sayar da gyaɗarsa ko akuyarsa kafin ya biya. Abin da bai samu ba shi ne bakin tambaya. Saboda haka ne cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, domin talaka ya sami ta cewa cikin mulkin ƙasarsa.

Cikin 1976 aka kawo tsarin Ƙananan Hukumomi a madadin En'e. Cikin 1979 kuma gwamnonin Kano da Kaduna, watau Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Tun da aka daina bin mutane gida gida, sai waɗansu suka ɗauka ba su biyan Gwamnati kome. Wannan kuskure ne. Harajin yana nan, ɓuya ya yi cikin kuɗin kaya. Akwai wanda a ke kira VAT, wanda tun daga watan Fabrairu na 2020 ya zama Naira 7 da kwabo 50 a kan kowace Naira 100. In ka sayi siminti, ko kwanon rufi, ko katin waya, ka biya shi ko ba ka sani ba. Abinci na yau da kullum da magani suna cikin abubuwan da aka keɓe. Akwai kuɗin kwastan a kan kayan da a ke shigowa da su daga ƙasashen waje, ɗan kasuwa kuwa a kanka ya ke fanshewa. Akwai kuɗin rumfa a kasuwa da kuɗin tasha. Bayan waɗannan ga kuɗin man fetur, wanda doka ta ce na ƙasa ne baki ɗaya.

Yawancin kuɗin nan a asusu ɗaya a ke zuba su, sunansa Asusun Tarayya. Kowane wata a kan zauna a Abuja a raba. Bayan an fitar wa jihohi masu man fetur kashi 13 cikin 100 na kuɗin man, ga yadda a ke raba kowace Naira 100: Gwamnatin Tarayya Naira 52 da kwabo 68, jihohi 36 Naira 26 da kwabo 72, Ƙananan Hukumomi 774 Naira 20 da kwabo 60. Ku tara ukun nan a allonku ku gani ko sun cika 100. Kuɗin VAT da nasa rabon dabam. Abin da kowace Ƙaramar Hukuma ta samu a wata ba asiri ba ne, a kan buga shi, duk wanda ya iya karanta lamba yana iya dubawa.

Shekaru da yawa kashin Ƙananan Hukumomi ta hannun gwamnonin jihohi ya ke bi. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyansu kai tsaye, ta ce kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za a ba kuɗin, ban da 'yan riƙo da gwamna ya naɗa. Zartar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ku tambayi kansilanku yadda abin ya ke a wurinku.

Me aka yi mana alkawari?

Babbar dokar ƙasa, watau Tsarin Mulki na 1999, ta ce aikin Gwamnati na farko shi ne tsaron jama'a da jin daɗinsu. Ta ambaci asibiti da magani, da kula da tsofaffi da naƙasassu, da ilmin firamare kyauta, da kiyaye al'adun gargajiya. Har ajin nan da ku ke zaune a ciki ta ambata, gama ta ce Gwamnati ta yi ƙoƙarin koya wa manya karatu kyauta. Amma kada mu ɓoye muku wani abu. Wannan babi na dokar, shi kaɗai, ba a kai ƙara kotu a kansa. Ya yi kama da niyyar da mutum ya furta, ba a kama shi da laifi in bai cika ba.

Daga baya aka yi dokoki masu haƙori. Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro, mace ko namiji, zai yi shekara 9 a makaranta kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, kuma tilas ne a kan iyaye su kai shi. Gwamnatin Tarayya ta kan ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta saboda wannan. Amma akwai sharaɗi: jiha ba ta karɓar nata sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Jihohi da dama sun sha barin kuɗinsu a Abuja shekara da shekaru don ba su kawo nasu rabin ba, yara kuwa na zaune a ƙasa, rufi na yoyo. Rijiya ta ba da ruwa ke nan, guga ya hana.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 domin ƙananan asibitoci, da nufin a sami guda mai aiki sosai a kowace mazaɓa. Sai cikin kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Asibitin da ke cikin shirin ya kan sami kuɗi a asusunsa na banki, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare. Cikin watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci.

Wa za a tambaya?

Mutane da yawa su kan gaji a banza domin sun kai kukansu gidan da ba shi ne ba. In rufin firamare ya yaye, ba Abuja za a dosa ba. A fara da hedimasta da kwamitin iyaye da ke kula da makarantar, sa'an nan Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma, sa'an nan hukumar ilmin firamare ta jiha. In ɗakin shan magani ne ba magani, ko ba ungozoma, a fara da malamin asibitin da kwamitin mazaɓa, a wuce wurin shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma. Babban asibitin gari na jiha ne. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika kusa da Zariya na Tarayya ne. Kasuwa da tasha da maƙabarta da gidan gajiyayyu, duk doka ta ɗora su a wuyan Ƙaramar Hukuma. Kayan tarihi irin Gidan Makama da ganuwar Kano kuwa akwai hukumar Tarayya da aka kafa cikin 1979 don ta tsare su, ko da ya ke duk wanda ya zaga ganuwar ya ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta.

Kansila fa, shi ne ɗan aikenku na kusa. Ku kuka zaɓe shi, ya san ƙofar gidajenku, ku ma kun san tasa.

Labarin Bagega

Wani zai ce, "Malam, duk wannan zance ne na takarda. Talaka ya taɓa tambaya aka ji shi?" To, ku saurari abin da ya faru a Jihar Zamfara.

Cikin watan Maris na 2010 likitocin wata ƙungiyar agaji da a ke kira MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya yi ta jijjiga, ya suma, a ba shi maganin zazzaɓi bai ji ba. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Mutanen wurin suna haƙo dutse mai zinariya, ashe dutsen cike ya ke da dalma. Su kan kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙura ta tashi ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu.

Maganin cutar akwai shi, amma ba ya amfani sai an fara tsabtace gari. In ka ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasa mai guba, aikin banza ka yi. Dole a kankare ƙasar tsakar kowane gida, a kwashe a kai rami a binne, a zubo sabuwa. Tsakanin 2010 da 2011 aka yi wa ƙauyuka 7 haka. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, inda yara wajen 1,500 ke jiran magani.

Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 don wannan aiki. Cikin watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja a kan maganar, amma ministocin da abin ya shafa, na lafiya da na ma'adinai da na muhalli, ba wanda ya halarta da kansa. Damina ta zo ta wuce, kaka ta yi, kuɗi bai fito ba. Likitoci na nan da maganinsu, ba halin su fara. Aikin kwashe ƙasa kuwa na rani ne, in ruwa ya sauka sai a jira wata shekara.

Sai waɗansu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tashi suka tafi Bagega. Suka sa wa aikinsu suna da Turanci, ma'anarsa Bi Sawun Kuɗi. Ba su da sarauta, ba su da muƙami. Suka zauna da mutanen gari suka ji daga bakinsu, suka ɗauki hotuna, suka rubuta abin da suka gani. Sa'an nan suka yi ta watsa tambaya ɗaya a Twitter da Facebook da gidajen jarida: an yi alkawarin kuɗi kaza, a lokaci kaza, domin aiki kaza, ina su ke? Likitocin nan da masu kare hakkin ɗan Adam su ma ba su yi shiru ba. Magana ta kai Majalisar Dattawa, Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli a lokacin, ya ɗauke ta. A ƙarshen watan Janairu na 2013 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya ba da izni a saki kuɗin. Aka shiga kwashe ƙasa, cikin watan Afrilu na 2013 likitoci suka fara ba yaran Bagega magani.

Ku lura da abu biyu cikin labarin nan. Na ɗaya, samarin ba su tsaya kan cewa "Gwamnati ba ta kula da mu" ba. Wannan magana ko wane jami'i yana iya kawar da ita da murmushi. Sun riƙe adadin kuɗin, da lokacin alkawari, da sunan ma'aikatun da za su karɓa. Tambaya mai lamba a ciki wuyar kaucewa gare ta. Na biyu, da aka saki kuɗin ba su koma gida suka kwanta ba. Sun ci gaba da bin ma'aikatun suna tambayar nawa kowace ta karɓa, me ta yi da shi, gama tsakanin Abuja da ƙauye akwai hannuwa da yawa. Kuma kada mu manta, watannin nan da aka ɓata ana jira, dalma na cikin jinin yara tana cin ƙwaƙwalwarsu, irin ɓarnar nan kuwa ba ta gyaruwa duka.

Dokar neman bayani

Ran 28 ga watan Mayu na 2011 aka sa hannu a wata doka da ta ba kowane mutum ikon neman bayani daga ofishin Gwamnati. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. An ba ofishin kwana 7 ya amsa, in da hujja ya ƙara waɗansu 7. In ya ƙi, dole ya rubuta maka dalili, kai kuma kana iya kai ƙara kotu. Ba a karɓar kuɗi sai na buga takardun da ka nema. Akwai abin da aka keɓe, kamar asirin tsaron ƙasa, amma kuɗin gyaran aji ko na sayen magani ba ya cikinsu. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, sai cikin watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kansu.

Dokar ta tuna da wanda bai iya rubutu ba. Ta ce yana iya sa wani ya rubuta masa, ko ya faɗa da baki jami'in ofis ya rubuta ya ba shi kwafi. Wannan tanadi ne mai kyau. Amma mu dai mun fi so ku rubuta da kanku, domin wanda aka rubuta wa bai san abin da aka ƙara ko aka rage ba.

In za ku yi tambaya, ga shawararmu. Ku tafi a ƙungiya, maza da mata, ku sanar da mai unguwa da dagaci tukuna, kada a ce kun tsallake su. Ku fara da ganin ido: ku ƙirga azuzuwa nawa, malamai nawa ke zuwa, kujeru nawa, ku rubuta da kwanan wata. In an kafa allon kwangila a bakin aiki, ku kwafe duk abin da ke jikinsa. Kada ku kira kowa ɓarawo tun ba ku ga takarda ba. Wani lokaci malamin asibitin da ku ke zargi shi ma wata uku bai ga magani daga sama ba, zai yi murna ya sami masu taya shi kuka. Wasiƙa kuwa ku yi ta biyu, a buga muku hatimi a kan ɗaya ku komo da ita gida. Mun san akwai tsoro, ba mu raina shi ba, gama mai muƙami ya kan ji haushin tambaya. Shi ya sa muka ce a tafi da yawa, a yi ladabi, a riƙe takarda.

Ku ma za a tambaye ku. In kun nemi a ƙara malamai, za a ce 'ya'yanku nawa ke zuwa aji ran kasuwa da lokacin girbi. In kun nemi kujeru, za a ce ina waɗanda aka kawo bara, gidan wa su ke. Ku shirya amsa tun kafin ku tashi.

Aikin yi

Ga samfurin wasiƙa. Kowa ya kwafe ta a littafinsa, ya cike guraben da abin da ya dace da garinsu.

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar ........

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, mu mutanen ........ muna roƙon a sanar da mu, bisa ga dokar neman bayani ta 2011, nawa aka ware cikin kasafin shekarar ........ domin makarantar firamare ta garinmu, nawa aka kashe, a kan wane aiki, kuma wa aka ba aikin. Muna roƙon a ba mu kwafin takardun. Mun rubuta ran ........ ga watan ........

Mu ne naka, ........

In kun gama, ku yi wannan lissafi: in an raba Naira 1,000 bisa ga rabon da muka nuna a sama, nawa ne kashin Ƙananan Hukumomi? Sa'an nan kafin zama na gaba, mutum biyu daga cikin aji su je makarantar firamare, biyu su je ɗakin shan magani, su gai da shugaban wurin, su tambayi sunayen 'yan kwamiti da ranar da suka yi zama na ƙarshe. Su rubuto amsar, malamin aji zai sa a karanta ta a gaban kowa.